Hoton da Inna Ta Kau da Kai

Wad Madani, ƙasar Sudan
Watan Cika-ciki, 1952

Zuwa ga ƙanwata Altine, matar Barau na ma'aikatar jirgin ƙasa, a Tunga, Minna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma Inna. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata da kullum take tuna mini cewa da ƙafa na zo ƙasar nan. Matata Rabi'atu tana gaishe ki. Audugar bana ta tsiro da kyau, mun gode Allah.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani maƙwabcina mutumin Zariya an aiko masa da hoton mahaifinsa, ya yi ta yawo da shi gida gida har ya ishe mu. Na karɓa na duba, na yi masa barka, na dawo gida na kasa cin abinci.

Altine, na rufe ido in ga fuskar Inna, sai na tarar ba ni da ita. Ina da kunnenta na hagu. Ina da gefen kuncinta mai tabon ƙuna. Ƙeyarta kuwa na haddace ta, don ita na fi gani. Amma idanunta ban san su ba. Ke auta ba za ki gane wannan ba, ke da ake ƙwala wa kira tun daga ruga har bakin kogin Tagwai, a ɗora ki a cinya ana yi miki kirari. Ni ɗan fari ne, kunyata ake ji. Ko tuwo za ta ba ni, sai ta dire ƙwaryar ta ce wa bango, "A ci kafin ya huce."

Sunana ma kin san yadda aka yi da shi. Gidan makiyaya, kowane lungu ka duba sanda ce a jingine, amma tun da aka fara kirana Sanda, Inna ba ta ƙara furta kalmar ba. Sai dai "abin kiwo", ko "itacen nan", ko "abin dogarawa". Ranar da na tashi zuwa Makka kowa ya rako ni bakin hanya ban da ita. Ƙafafunta kawai na hango ta ƙarƙashin zana. Yau shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma ga ni a tsakiyar hanya, na je na sauke farali amma ban iso gida ba.

An ce mini yanzu akwai mai ɗaukar hoto a Minna. Ki kai ta. Amma sharaɗi ɗaya nake roƙo: ta dubi gilashin akwatin hoton ido cikin ido. Dawowata ba ta kusa, ga gona, ga yara ƙanana, ga wannan gwiwa. Sau ɗaya tak nake so uwata ta dube ni kafin ɗayanmu ya riga ɗaya.

'Yata ta ƙarshe da na sa wa sunan Inna, wadda muke kira Ummi, kullum tambayarta ita ce yaya kakarta take. Na gaji da nuna mata kunnena ina cewa irin na kakarta ne.

Ki gaida Barau. Ki ce wa Inna wancan na gabas yana gaisuwa.

Yayanki, Sanda


Tunga, Minna
Watan Mauludi, 1952

Zuwa ga Hamma Sanda.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun yi murna. Sai dai ajaminka ya koma na Larabawa, sai da na yi ta juya takardar kamar mai tuyar waina kafin na gane kanta. Muna lafiya. Barau yana nan yana shan hayaƙin jirgi, yara sun ƙoshi da sabuwar doya, matan Gwari sun cika kasuwa da ita a kafaɗa. Inna ce dai ƙafafunta suke ɗan kumbura, ga tari in gari ya waye, amma har yanzu ba ta yarda wani ya dama mata fura.

Da na karanta mata gaisuwarka sai ta ce, "Wancan na gabas har yanzu bai koyi gajarta magana ba?" Can sai ta ce in sake karantawa daga farko, wai ba ta ji wurin gwiwar da kyau ba.

To, maganar hoto. Hamma, ka ɗora mini aiki. Da farko cewa ta yi, "Me zan yi da hoto, ni da ba a neman aurena?" Sai da na haɗa ta da Barau, ka san tana jin nauyin suruki, sannan ta ɗauro zanenta na saƙi muka tafi.

Mai hoton sunansa Irimiya, Bagwari ne Kirista, a Ikko ya koyo sana'ar. Shagonsa yana bayan tashar jirgi. A tsakar gida yake ɗauka saboda hasken rana, ya rataya wani labule mai zanen gidan bene da furanni, ga akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya zaunar da Inna a kujera. Ya miƙa hannu zai karɓi sandarta ya ajiye, ta ce masa, "Bar mini abin dogarawata." Ya bar mata. Ya shige ƙarƙashin ƙyallen nan, ya fito, ya sake shigewa. Komai ya tafi daidai, ta zauna ƙyam, ta ɗaga kai. Ni har na fara hamdala.

Sai bawan Allahn nan ya ga bari ya taimaka. Ya ce da Hausarsa, "Mama, ka duba wannan gilas da kyau. Danka yana ciki, yana kallon ka."

Kai ka san abin da ya biyo baya. Kamar an watsa mata ruwan zafi, ta kau da kai, ta kai ido ƙasa. Shi kuma a daidai lokacin ya danna abinsa. Aka yi aka yi ta sake zama, ta ce ita ta gama, rana ta yi, a kai ta gida.

Da na koma karɓa ya nuna mini. Hamma, ba abin aikawa ba ne. Rabin fuska ce kawai, ido a ƙasa, tabon nan ya cika hoton, mayafi ya zame furfura a waje, baki a karkace ba ka san dariya za ta yi ko kuka ba. Na ce masa ya lalace. Ya daɗe yana kallon abin, sai ya ce, "Ni na yi hoton mutane da yawa a Minna. Kowa yana zuwa da fuska na salla. Wannan Mama ya zo da fuska na gida." Na ce to fuskar salla ce za ta Sudan, ta gida a bar mana ita a gida. Ni ba zan yarda mutumin Zariyan nan ya yi maka dariya ba.

Ka ƙara haƙuri, zan san dabarar da zan yi. Ka gaida Rabi'atu, ka shafa mini kan Ummi.

Ƙanwarka, Altine


Tunga, Minna
Tsakiyar sanyi, 1953

Hamma Sanda, sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Inna tana fama da tarin nan amma da sauƙi.

Ga abin da ka roƙa, na sa shi tsakanin kwali biyu don kada ya karye. Ka duba da kyau. Ga Inna ta dubi gilashin ido cikin ido, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Wannan karon na karɓe sandar na ba ta laima ta riƙe, na gyara mata mayafi da kaina. Irimiya yana da wani fensir mai tsini da yake bin fuskar mutum da shi a jikin gilashin da hoton yake fara fita a kai, kafin ya wanke shi a takarda. Ya so ya yi mini gardama, na tsaya a kansa sai da ya share tabon da tamojin goshi tas. Ka ga yadda ta koma yarinya? Barau ya ce in aka kai ta kasuwa sai an tambayi gidan su.

Yanzu sai ka je ka rama yawon gida gida. Ina jiran tukwicina.

Altine


Wad Madani
Watan Azumin Tsofaffi, 1953

Zuwa ga Altine.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, ana tsinkar auduga. Saƙonki ya iso bai karye ba. Na gode da wahalar da kika sha, Allah ya saka.

Na daɗe ban ba ki amsa ba don ban san me zan ce ba. Ban kai hoton gidan kowa ba. Yana cikin akwati.

Altine, na buɗe kwalin, sai ga wata mata mai laima tana kallona. Kyakkyawa ce, ba laifi. Na nemi Inna a fuskarta sama da ƙasa ban same ta ba. Ina tabon? Ke ba ki san tarihinsa ba, an yi shi kafin a haife ki. Kaka ce ta gaya mini. Ina rarrafe na nufi murhu, tukunyar madara tana tafasa, Inna ta yi tsalle ta ture ni, tukunyar ta kife mata a kunci. Ita ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba. A duk fuskar nan wurin nan kaɗai ne nawa, shi kuma kika sa aka goge da fensir.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Idanun ne. Na sani ni na roƙa, kada ki tuna mini. Sai da na gan su na gane abin da na roƙa. Wannan kallon na san shi. Shi take yi wa mai sayen nono in ya tsaya ciniki, shi take yi wa baƙon da ya yi sallama yana tambayar hanya. Mace irin Inna ba ta yi wa ɗanta na fari wannan kallo, ko da wuƙa a wuya. In har ta san ni ne a bayan gilashin kuma ta dube ni haka, ko ƙiftawa babu kamar yadda kika ce, to ta daina jin kunyata. Wanda aka daina jin kunyarsa kuwa an cire shi daga lissafin 'ya'ya.

Ba na ganin laifinta. Ɗan da ya tafi ya shekara ashirin, aka binne ubansa ba ya nan, shanu suka ƙare ba ya nan, uwarsa ta koma zaman gidan suruki a gari, me ya rage a ji kunyarsa? Amma ina so in ji daga bakinki. Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Ta sallama ni ne? In haka ne, ki durƙusa a madadina ki roƙar mini gafara, ki ce wancan na gabas ya ji, kuma bai yi musu ba.

Zuciyata ba daɗi, Altine. Ki yi saurin ba ni amsa.

Sanda


Tunga, Minna
Watan Ƙaramar Salla, 1953

Hamma Sanda.

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hamma, sai haƙuri. Inna ta rasu ana saura kwana kaɗan a kama azumi, da hantsi, a ɗakina, kanta a cinyata. An yi mata sutura da azahar. Mutanen ruga sun zo, mutanen tasha sun zo. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Takardarka ta iso bayan an yi sadakar bakwai. Na karanta na yi kuka, na kuma ji haushinka, na ji haushin kaina ya fi. Na yi azumin nan duka ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Da tana da rai da na karanta mata, ko don in ga yadda za ta yi da mai cewa ta sallama shi.

Ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ta. Inna ba ta san kai za a aika wa hoton nan na biyu ba. Ƙarya na yi mata. Na ce likita ne yake so a manna a takardar asibiti saboda ƙafafunta, na kuma ja kunnen Irimiya kada ya kuskura ya ambace ka. Kallon da ka gani na likita ne. Ka karanta shi daidai, kallon baƙo ne, sai dai ba kai ne baƙon ba. Ni ina can ina murna na yi dabara, ashe abin da na aika maka ke nan. Tabon kuwa wallahi ban sani ba. Na tashi na gan shi a fuskarta kamar yadda na ga hancinta, ban taɓa tambaya ba.

Yanzu ka saurara, don wannan ne abin da na kasa rubutawa.

Kwanakinta na ƙarshe ba ta cika magana ba. Ranar da za ta cika, da safe, ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta ce, "Altine." Na ce na'am. Ta ce, "Ina sanda?"

Hamma, tun da na yi wayo ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Barau yana bakin ƙofa, shi ma sai da ya ɗago kai. Na rasa abin yi. Na tashi na ɗauko mata sandarta a bayan ƙyaure na sa mata a hannu. Ba tashi za ta yi ba, ta kwana biyu ƙafarta ba ta taka ƙasa ba. Ta jawo ta ta rungume a ƙirji, ta juya fuska bango. Ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada.

Ban san wanne take nufi ba, itacen ko kai. Na rubuta maka yadda ta faɗa, kuma a rubutu ma duk ɗaya ne. Ni dai na san abin da na gani.

Da na gama karanta takardarka ban ko ɗaura mayafi da kyau ba na nufi bayan tasha, ana yayyafi. Na san Irimiya yakan kankare gilasan da suka lalace ya yi fuskar firam da su, ga watanni sun wuce. Ina tafe ina cewa shi ke nan, na hallaka wannan ma. Na same shi na ce, hoton farko, wanda na ce ya lalace, yana nan? Sai ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Na dauko shi zan goge har sau biyu, hannu ya ki." Da na gaya masa Inna ta rasu ya cire hularsa, ya zauna a kan kujerar nan da ta zauna.

Ya wanke guda biyu, ɗaya naka ɗaya nawa. Na ce kada fensir ya taɓa shi. Ya ce ko na ce ya taɓa ba zai taɓa ba.

Ga shi nan cikin kwali. Wannan ne wanda aka ce mata kana ciki kana kallonta. Ka yafe mini, Hamma. Sandar tana wurina, na hana yara wasa da ita.

Ƙanwarka, Altine


Wad Madani
Watan Cika-ciki, 1953

Zuwa ga ƙanwata Altine.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ba mu haƙuri. Mun yi mata sadaka a nan, mutanenmu na unguwa sun taru, har mutumin Zariyan nan shi ya ja addu'a. Muna lafiya. Babu abin yafewa tsakanina da ke, auta. Ni na roƙi abin da ba a roƙo.

Hoton ya iso. Ita ce.

Ga kunnen. Ga tabon, har inda ya gangara wuya, na manta ya kai can. Ga furfurar da ban san ta yi ba. Bakin nan da kika ce ba a san dariya ba ne ko kuka, ni na san shi. Haka take yi in na dawo da shanu da yamma ta ji motsina a bayanta, ta ci gaba da burga nono kamar ba ta ji ba.

Amma ke da kika ce ya lalace, kin dubi hannuwanta kuwa? Ki ɗauko naki ki duba. Fuska ta tafi gefe, amma hannu biyu ta sa ta damƙe abin dogarawar nan ta manna a ƙirji, har jijiyoyin bayan hannunta sun tashi. Ba sai kin ƙara tunanin wanne take nufi ba.

Ki gaida Irimiya, ki ce wani mutum a Sudan yana gode wa hannun da ya ƙi. Sandar ki riƙe ta a wurinki, can ne gidanta.

Na sa an yi wa hoton firam na rataye a ɗaki. Jiya Ummi ta hau kan buhu ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Baba, me ya sa kaka ba ta son kallonmu?" Na ce mata, "Ke da za ta gan ki, sai ta kalle ki har kin gaji. Ni ne ba ta kallo."

Yayanki, Sanda